Wanda Ya Tsaya Ceton Rai Bai Kamata Ya Yi Asara Ba

A daren 27 ga Janairun 2021, wani Bafaranshe mai suna Charlie Dalin ya iso garin Les Sables-d'Olonne da ke gaɓar yammacin Faransa, bayan kwana 80 yana teku shi kaɗai, ya kewaye duniya a jirgin ruwa mai ƙyalle wanda iska kawai ke turawa. Cikin mutum 33 da suka tashi a gasar Vendée Globe ta wannan karon, shi ya fara isowa, amma ba shi aka ba kambun ba. Yannick Bestaven aka ba, wanda ya zo na uku, kusan awa takwas a bayansa. Tun a watan Disamba alƙalan gasar suka yanke cewa za a rage wa Bestaven awa 10 da minti 15 daga lissafinsa, saboda lokacin da ya ɓata sa'ad da ya bar hanyarsa ya tafi neman wani abokin tserensa da jirgi ya nutse da shi. Da aka yi ragin sai ya ɗara Dalin da awa biyu da rabi. Duk wanda ya saba da sukuwar dawaki ko tseren gudu zai ji abin bambaraƙwai, don a saninmu wanda ya riga isa shi ne gwani. Ni dai ina ganin hukuncin nan daidai ne, har ma ina ganin wannan ƙa'ida ta fi duk jiragen gasar daraja, ko da yake kowannensu miliyoyin yuro aka zuba masa. Akwai kuma gwamnatocin da ya kamata su zauna su koye ta.

Sai mutum ya san inda ake wannan tsere kafin ya gane dalili. An fara shi a 1989, kuma tun daga 1992 duk bayan shekara huɗu ake yi. Sharaɗinsa shi ne mutum ɗaya a jirgi, ba yada zango a kowace tasha, ba karɓar taimakon kowa. Jirgin bai wuce mita 18 da 'yan kai ba. Daga Faransa a gangara Tekun Atilantika, a zagaya ta ƙasan Afirka, a wuce ta kudancin Ostireliya, a kewayo ta ƙarshen Kudancin Amurka, sannan a hauro gida, tafiyar kimanin kilomita 45,000. Matuƙi shi ne makanike, shi ne kuku, shi ne mai karanta yanayin sama. Barcinsa gutsi-gutsi ne, rabin awa ko ƙasa da haka, na'ura na riƙe masa da akalar jirgi. Shi ne kuma likitan kansa: a gasar 1992 zuwa 1993, Bertrand de Broc ya datse harshensa, ya ɗauki allura da madubi ya ɗinke abinsa, likitan gasar Jean-Yves Chauve yana aiko masa da bayani daga Faransa. A tsakiyar kudancin Tekun Pasifik hanyar tana bi kusa da wani wuri da ake kira Point Nemo, inda ƙasa mafi kusa take da nisan fiye da kilomita 2,600. Jirgi mai saukar ungulu ba ya kai wa nan, jiragen dakon kaya ba su cika bi ba. In masifa ta auka wa mutum a irin wannan ruwa, ɗan Adam mafi kusa da shi shi ne wanda yake neman ya kayar da shi a gasar.

Haka ta faru ranar 30 ga Nuwamban 2020. Kevin Escoffier yana na uku, kimanin kilomita 1,500 kudu maso yammacin Cape Town, jirginsa mai suna PRB ya soka hanci cikin wata igiyar ruwa, ya karye gida biyu. Abin da ya samu yi kawai shi ne ya tura gajeren saƙo cewa yana nutsewa, ya zura rigar kare sanyi, ya faɗa ƙaramin kwalekwalen roba da ake hurawa. Masu kula da gasar suka kira Jean Le Cam, dattijo ɗan shekara 61 wanda shi ya fi kusa. Le Cam ya iso kafin duhu, ya ga kwalekwalen, har suka yi wa juna magana. Amma jirgin tsere ba mota ba ne da za a taka birki. Kafin ya rage ƙyalle, ya ɓalle hatimin da ake sa wa injin don kada a yi amfani da shi a gasa, ya juyo, igiyoyin ruwa masu tsayin mita biyar sun haɗiye kwalekwalen, dare kuma ya yi. Nan aka karkato da Bestaven da Boris Herrmann ɗan Jamus da Sébastien Simon, aka raba musu yanki-yanki bisa lissafin inda iska da ruwa za su ja kwalekwalen, suka kwana suna kai da komo cikin duhu, kowa ido a kan ruwa. Can tsakar dare Le Cam ya hango wani ɗan haske yana ɓullowa yana ɓacewa tsakanin igiyoyi. Ya matsa, ya jefa igiya, Escoffier ya cafke. Awa 11 da ɗoriya ya yi a kwalekwalen. Sai ranar 6 ga Disamba jirgin yaƙin Faransa mai suna Nivôse ya karɓe shi daga hannun Le Cam, shi kuma ya ci gaba da tserensa.

Wajibcin ceto a teku ba sabon abu ba ne. Ƙa'idar farko a dokokin tseren jiragen ƙyalle na duniya ita ce a taimaki duk wanda ke cikin haɗari, kuma yarjejeniyar kiyaye rayuka a teku ta 1974 da yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 duk sun ɗora wa kowane kyaftin wannan nauyi. Rubuta wajibi a takarda ba shi da wuya. Tambayar da ke raya doka ko ta kashe ta ita ce: wa zai ɗauki asarar? Matuƙin da ke wannan gasa ya yi shekara huɗu yana bin kamfanoni su ɗauki nauyinsa, akwai ma'aikatan da abincinsu ya dogara da matsayin da zai zo, wataƙila kuma ba zai sake samun irin wannan dama ba a rayuwarsa. Ba na cewa irin wannan mutum zai ji ɗan'uwansa na nutsewa ya yi kunnen ƙashi. Galibinsu za su juya ko da ba a yi musu alƙawarin komai ba. Abin tsoro shi ne ɗan jinkirin nan da ke shiga zuciya: ai wane ya fi ni kusa, bari a tabbatar tukuna, ko na je ma ba lalle in same shi ba. A ruwan da sanyinsa ke kashe mutum cikin ɗan lokaci, wannan jinkiri ya isa. Amfanin ramuwar lokaci shi ne ta cire wannan lissafi daga kan matuƙi tun kafin ya fara shi, ya juya akala yana da yaƙinin cewa ba a gasarsa za a cire kuɗin alherin da zai yi ba.

Masu suka suna da hujja biyu, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko, Bestaven bai tsamo kowa ba, Le Cam ne ya yi, shi kuwa an rage masa awa 16 da minti 15, abin da ya ɗaga shi daga na takwas zuwa na huɗu. Don me za a naɗa wanda ya je ya dawo hannu rabbana? Amsa ita ce, neman kwalekwale cikin dare aikin jirage da yawa ne, kuma tun daga farko an san ɗaya ne kawai zai dace. Yankin da Bestaven ya bincika bai ga kowa ba, shi ma labari ne, don ya rage faɗin inda sauran za su duba. In aka ce sai wanda ya samo za a rama wa, an mayar da ceto caca, kuma na biyu da na uku da za a kira nan gaba suna da dalilin yin nawa. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: awannin nan kintace ne. A teku, wanda ya yi asarar awa goma yana iya rasa iskar da ta kwashi na gaba, asararsa ta zama ta kwana biyu, ko kuma na gaba su faɗa inda iska ta kwanta ya cim musu a banza. Bestaven ma daga baya ya karɓe gaba, shi ya fara kewaya Cape Horn, ƙarshen Kudancin Amurka, har wasu ke ganin ai teku ta riga ta biya shi. Gaskiya ne ba alƙalin da zai auna wannan daidai wa daida. To, amma tunda dole a yi kuskure, sai a duba ta wane gefe ya fi sauƙi. In alƙalai suka yi yawan kyauta, wani gwani ya rasa kofi. In suka yi ƙwauro, duk matuƙan da ke kallo sun koyi darasi, kuma wanda zai biya kuɗin darasin yana cikin ruwa wata shekarar. Ga shi kuma ba a bayan fage aka yi ba: makonni shida kafin a iso aka sanar da awannin, kowa ya yi tserensa yana sane da su. Dalin kansa bai ƙalubalanci hukuncin ba. Ya koma ya yi shiri, a Janairun 2025 ya cinye gasar cikin kwana 64 da awa 19.

Wannan ɗabi'a ta daɗe tana ginuwa a tsakanin matuƙan gasar. A Disamban 1996, Pete Goss ɗan Ingila ya juya jirginsa ya fuskanci guguwa, ya koma baya kusan kilomita 300 don ya ɗauko Raphaël Dinelli, wanda ma ba ya cikin jerin 'yan gasa na hukuma, kuma Faransa ta ba Goss lambar girmamawarta mafi girma. A Janairun 2009 Le Cam ɗin nan shi ne a cikin jirgin da ya kife kusa da Cape Horn, Vincent Riou ya zo ya tsamo shi, garin haka jirgin Riou ya ji rauni, washegari turken ƙyallensa ya karye, tserensa ya ƙare. Alƙalai suka ba shi matsayi na uku duk da bai kammala ba. Sunan jirgin Riou a lokacin PRB, sunan da jirgin Escoffier ke ɗauke da shi bayan shekara 11. Alheri danƙo ne, in ji Hausawa. A wata gasar kuma, Golden Globe, Kirsten Neuschäfer 'yar Afirka ta Kudu ta ceto Tapio Lehtinen ɗan Finlan a Tekun Indiya a Nuwamban 2022, aka rama mata awa 35, ta kuma zo ta ɗaya a 2023.

Akwai mai cewa duk wannan wahalar neman kai ce. Ba wanda ya aike su, masu hali ne ke wasa da rayukansu, don me za a kashe dukiyar talakawa a kansu? An yi wannan muhawara da zafi a Ostireliya a Janairun 1997, lokacin da ƙasar ta tura jiragen sama da jirgin yaƙi HMAS Adelaide fiye da kilomita 2,000 cikin tekun kudu don ceto Thierry Dubois da Tony Bullimore, wanda ya kwana huɗu cikin duhun jirginsa da ya kife. A wannan gasar ta Vendée Globe Gerry Roufs ɗan Kanada ya ɓata, ba a ga gawarsa ba. Rabin maganar masu sukar gaskiya ce, kuma masu shirya gasar sun ji ta. An tsaurara dokar ƙirar jiragen don in sun kife su iya miƙewa, an sa ƙofar tsira da ɗakunan da ruwa ba ya ratsawa, an kuma shata iyakar da ba a yarda a gangara kudu da ita ba, don guje wa duwatsun ƙanƙara da kuma kusanto da jiragen inda agaji zai iya kai wa. Tun daga Roufs ba a sake rasa rai a Vendée Globe ba. Wanda ya shirya wasa mai haɗari shi ya kamata ya fara ɗaukar nauyin rage haɗarin, ba ni da ja a kan wannan. Ɗaya rabin ne ba zan karɓa ba, wato a tsaya tambayar mutum abin da ya kawo shi ruwa kafin a miƙa masa igiya. Gwamnatin Ostireliya ta wancan lokaci ma ba ta karɓa ba, ta ce wajibi ne a kanta, ba ta kuma aika wa kowa takardar biyan kuɗi ba.

Shekara huɗu da rabi bayan haka, a Agustan 2001, hukumar ceto ta Ostireliya ta yi shelar neman agaji ga wani jirgin katako da ke shirin nutsewa a Tekun Indiya. Kyaftin Arne Rinnan na jirgin dakon kaya na Norwe mai suna Tampa ya amsa, ya kwashe mutum 433, galibinsu 'yan gudun hijirar Afganistan. Sai gwamnatin Ostireliya ta hana shi sauke su a tsibirinta na Christmas, da ya matso kuma ta tura sojoji suka hau jirginsa. Firayim ministan da ya yi wannan, John Howard, shi ne dai ke kan mulki lokacin ceton Bullimore. Saboda abin da ya faru da Tampa ne Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya ta gyara dokokinta a 2004, ta ce dole ƙasashe su haɗa kai su sauke wa kyaftin nauyin waɗanda ya ceto ba tare da an ƙara karkatar da tafiyarsa ba sai abin da ya zama tilas. Malta ba ta amince da gyaran ba. A farkon Agustan 2020, watanni huɗu kacal kafin daren Escoffier, jirgin dakon mai na Denmak mai suna Maersk Etienne ya ɗauko mutum 27 daga wani ƙaramin jirgi da ke nutsewa a Bahar Rum, har da mace mai ciki. Kwana 38 ya yi tsaye a ruwa kusa da Malta, ba ƙasar da ta yarda ta karɓe su, har uku daga cikinsu suka fidda rai suka faɗa teku, ma'aikatan jirgin suka sake tsamo su. Jirgin dakon mai ba shi da makwanci ko abincin mutum 27 na ƙari, kuma kowace rana da ya yi a tsaye asara ce mai yawa ga masu shi. A 2019 kuma an kama kyaftin Carola Rackete a tsibirin Lampedusa na Italiya bayan ta shigo da waɗanda ta ceto ba da izini ba, ko da yake kotunan Italiya sun wanke ta daga baya.

Duk kyaftin da ke bin waɗannan hanyoyi ya ji labarin Tampa da Etienne. Doka tana gaya masa ya tsaya, abin da ya gani da idonsa yana gaya masa in ya tsaya shi da kamfaninsa za su kwana ciki. Lissafin nan da gasar Vendée Globe ta cire daga kan matuƙanta, shi gwamnatoci suka ɗora wa matuƙan jiragen kasuwanci da masunta, kuma a tsakiyar teku ba mai ganin wanda ya kau da kai. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Matasan da ke bi ta Agadas su ratsa Sahara zuwa Libiya, da waɗanda ke shiga kwalekwalen masunta daga Senegal da Gambiya da Muritaniya, 'ya'yan yankinmu ne. A 2024 kaɗai fiye da mutum 46,000 suka isa tsibiran Kanari na Sifen ta hanyar kwalekwalen nan, kuma ta gefen waɗannan tsibirai jiragen gasar suke wucewa a makonsu na farko. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta lissafa fiye da mutum 30,000 da suka mutu ko suka ɓata a Bahar Rum tun daga 2014.

Za a ce ba ɗaya ba ne: matuƙin tsere mutum ɗaya ne mai fasfo da gidan komawa, waɗannan kuwa dubbai ne, kuma in aka sauƙaƙa ceto za a ƙara kwaɗaitar da wasu su shiga ruwa, masu safarar mutane su ci riba. Yawan gaskiya ne, kuma kowace ƙasa tana da haƙƙin tantance wanda zai zauna a cikinta. Amma ana yin tantancewa ne a kan tudu, bayan mutum ya fito da ransa. Batun kwaɗaitarwa kuwa an gwada shi. A ƙarshen 2014 aka rufe shirin ceto na Italiya mai suna Mare Nostrum, aka maye gurbinsa da wani ƙarami wanda tsaron iyaka ya fi damunsa, da zaton mutane za su ji tsoro su daina. Ba su daina ba. A daren 18 ga Afrilun 2015 jirgi ɗaya ya kife da kimanin mutum 800, kuma shugaban Hukumar Tarayyar Turai na lokacin, Jean-Claude Juncker, ya fito ya amsa cewa rufe shirin babban kuskure ne. Wanda yaƙi ko fatara ta kora daga gida ba ya duba jadawalin jiragen ceto kafin ya tashi. Hana mutane fita aiki ne na gwamnatocinmu a nan gida, da makaranta da sana'a da tsaro, kuma sun gaza a kansa matuƙa. Ba a gyara wannan gazawa ta hanyar hukunta kyaftin ɗin da ya ga mutum a ruwa ya tsaya.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowa ba. A kafa asusu a ƙarƙashin Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya wanda zai biya jirgin kasuwanci ko na masunta kuɗin mai da kwanakin da ya rasa in ya karkata don ceto, ko ya samo mutanen ko bai samo ba, kamar yadda aka yi wa Bestaven. A ƙayyade kwanakin da ba za a wuce ba kafin a ba shi tashar sauke su, kuma ƙasar da ta jinkirta ita za ta biya ƙarin. A rubuta ƙarara a dokokin ƙasashe cewa tsamo mutum daga ruwa ba safarar mutane ba ne. Ƙasashen Turai ba za su kawo wannan ƙuduri da kansu ba, don siyasar cikin gidansu ta ɗaure su. Najeriya da Gana da Senegal da Kamaru duk mambobi ne a wannan hukuma da ke Landan, suna da bakin magana da ƙuri'a, kuma 'ya'yansu ne a cikin kwalekwalen. Su ya kamata su rubuta ƙudurin su kai shi zauren.